Waiwaye: Yadda haske da inuwa suka raba maza da mata a finafinan Jamus marasa magana

A ranar 26 ga Fabrairun 1920 aka fara haska fim ɗin Das Cabinet des Dr. Caligari a Berlin, kuma daga nan masana tarihin fim suka saba fara lissafin salon da Jamusawa ke kira Expressionismus. Manufar salon ita ce a fito da abin da ke cin mutum a zuciya, a shimfiɗa shi a kan gini da titi. Idan mai labari ya ruɗe, sai bango ya karkace, taga ta yi tsini, matakala ta haura ba ta kai ko'ina ba. Sai dai ba a raba wannan karkacewar daidai tsakanin maza da mata ba, kuma ana iya ganin haka tun daga fenti da fitila da kwalliyar fuska.

Ƙasar da ta haifi salon tana cikin jinya ne a lokacin. Yaƙin duniya na farko ya ci sojojin Jamus kusan miliyan 2, waɗanda suka dawo kuma da yawa sun rasa gaɓoɓi ko suna fama da firgita. A daidai lokacin mata suka cika masana'antu da ofisoshi, suka kaɗa ƙuri'a karo na farko a ranar 19 ga Janairun 1919, 'yan matan birni suka fara yanke gashi suna fita su kaɗai. Haramcin shigo da finafinan waje na 1916 da kafa kamfanin fim na UFA a Disambar 1917 sun ba masana'antar cikin gida fili, ita kuma ta zuba tsoron wannan zamani a kan allon majigi.

A Caligari, masu zane uku, Hermann Warm da Walter Reimann da Walter Röhrig, sun zana garin kaf a kan ƙyalle da takarda, har da hasken da inuwar, da baƙin fenti da fari. Ribar haka ita ce inuwa ba ta motsi, tana nan inda aka ajiye ta. Matsalar kuma, jikin ɗan Adam ba zane ba ne: idan ɗan wasa ya yi tafiyarsa ta yau da kullum a gaban bangon da aka zana, nan take ido zai gane ƙyalle ne. Shi ya sa Conrad Veidt, a matsayin Cesare mai tafiya cikin barci, ya sa baƙin kaya mai ɗame jiki, ya manne da bango yana miƙa hannu sama, har ya koma ɗaya daga cikin layukan zanen. Werner Krauss kuwa, a matsayin Dr. Caligari, ya ranƙwafa ya dunƙule. Amma da an shiga ɗakin Jane, wadda Lil Dagover ta fito a matsayinta, sai tsinin ya ɓace, a ga layuka masu lanƙwasa da labule mai laushi da farin gado.

Farin nan yana da dalilin sana'a. Kafin a samu inuwa mai kaifi, ana kunna fitila ɗaya tak mai ƙarfi, a ajiye ta ƙasa daga gefe; iya kusantar ɗan wasa da fitilar, iya girman inuwarsa. Da an ƙara fitila ta biyu inuwar za ta rabu biyu ko ta dushe. Sannan dole a samu farin wurin da za ta sauka. A Nosferatu na F. W. Murnau, wanda ya fito a 1922, farin wurin nan rigar barcin Ellen ce: inuwar hannun mai shan jini ta hau ƙirjinta, ta damƙe saitin zuciyarta. Jikin Greta Schröder, wadda ta fito a matsayin Ellen, shi ne allon da aka rubuta tsoron a kai. Mijin Ellen, Hutter, wanda shi ya buɗe wa masifar ƙofa da cinikin gida, ya yi ta ɓuya da jinya. Ita ce ta karanta cewa mace mai tsarkin zuciya ce kaɗai za ta riƙe dodon har zakara ya yi cara, ta riƙe shi, gari ya tsira daga annoba, ita ta mutu.

Zaren fim na wancan lokaci shi ma ya sa baki. Irin da aka fi amfani da shi kafin ƙarshen shekarun 1920 ba ya ɗaukar launin ja, yana maida shi baƙi, shuɗi kuma ya fito fari fat. Jan baki kaɗan sai leɓe ya yi baƙi ƙirin, kumatu masu jini-jini su yi dabbare-dabbare, mai shuɗin ido ya fito kamar makaho. Don haka ake shafe fuska da hoda mai haske, a zagaye ido da kwalli. Daga wannan larura aka samu awo: kwalli kaɗan, mace ta gari, kwalli mai kauri da baƙin leɓe, mace mai halaka maza. Robert Wiene, daraktan Caligari, ya kai awon ƙarshe a Genuine na 1920, inda Fern Andra ta fito da tufafin da mai zane César Klein ya tsara su saje da bangon. A nan ita ma macen ta karkace, kuma hukuncinta a labarin mutuwa ne.

Mai son tantance waɗannan finafinai yau sai ya kula da kwafin da yake kallo. Abin da ya faru da dare a labari, da rana ake ɗaukarsa, a tura zaren cikin shuɗin rini kamar yadda ake tura zane a marina, rana da hasken ɗaki kuma a ba su ruwan ɗorawa. Kwafin Nosferatu da ya rasa rininsa yana nuna dodon yana yawo da rana tsaka, abin da ke rushe ma'anar sadaukarwar Ellen gaba ɗaya. Haka gudun majigi: da hannu ake juya kyamara, galibi hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa, to idan aka haska a 24 na zamanin sauti, tafiyar da aka yi ta a natse sai ta koma barkwanci.

Metropolis na Fritz Lang, wanda aka fara haskawa a ranar 10 ga Janairun 1927, shi ya haɗa fuskokin biyu, mace ta gari da mai halaka maza, a jikin mace ɗaya. Brigitte Helm ce Maria mai wa'azin haƙuri a tsakiyar kyandirori, ita ce kuma mutum-mutumin da aka ba kamanninta. An ƙara wa ta biyun kwalli, tana kanne ido ɗaya, tana karya wuya da kafaɗa, kuma a wurin rawarta allon ya cika da idanun maza zalla. Maza biyu suka ƙulla ƙera ta, amma ita aka ɗaure aka banka wa wuta. Kayan mutum-mutumin Walter Schulze-Mittendorff ne ya sassaƙa su a kan siffar jikin Helm da aka ɗauka da filasta, kuma sun kurje ta sun yayyanke ta a lokacin ɗauka. Masani Andreas Huyssen ya yi gaskiya da ya karanta fim ɗin a matsayin wurin da tsoron na'ura da tsoron mace suka zama abu guda.

An jima kafin masu nazarin fim su kai ga irin wannan karatu. Siegfried Kracauer a 1947 ya nemi alamun zuwan Hitler a cikin finafinan, hankalinsa na kan ɗa da uba da mai mulkin kama-karya. Lotte Eisner a 1952 ta bi sawun hasken zuwa dandalin wasan kwaikwayo na Max Reinhardt. Sai a 1989 Patrice Petro ta dage cewa mata ma suna zaune a zauren kallo, kuma masu shirya fim sun san da su. Anton Kaes a 2009 ya maida ido kan mazan, ya ga Cesare da Hutter a matsayin sojojin da yaƙi ya girgiza.

Kuskure ne kuma a ɗauka mata sun tsaya a gaban kyamara kawai. Thea von Harbou ce ta rubuta Metropolis, da rabuwar Maria biyu da komai, Aenne Willkomm kuma ta tsara tufafinsa. Asta Nielsen ta kafa kamfaninta ta fito a matsayin Hamlet, yariman wasan kwaikwayon Shakespeare, a 1921, a labarin da ya maida yariman mace da aka rena a matsayin namiji, sanye da baƙin kaya mai ɗame jiki irin wanda aka ga Veidt da shi. Lotte Reiniger kuwa ta karɓi inuwar kanta ta yi sana'a da ita: da almakashi da baƙin kwali da siririn dalma ta yanka mutanenta, ta haɗa gaɓoɓinsu da waya, ta shimfiɗa su a kan gilashin da aka haska daga ƙasa, ana ɗauka hoto ɗaya bayan ɗaya na kusan shekara 3. Die Abenteuer des Prinzen Achmed, wanda ta ciro daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, ya fito a 1926, kuma shi ne dogon fim na zane mai motsi mafi daɗewa da ya rage a hannu har yau.