Gurɓatar muhalli da lafiyar ɗan Adam

Gurɓatar muhalli ita ce shigar abubuwa masu cutarwa cikin iska ko ruwa ko ƙasa har su kai ga taɓa lafiyar mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska kaɗai na kashe mutum kusan miliyan 7 duk shekara, kuma kaso mai yawa daga hayaƙin girki ne na cikin gida, ba na masana'anta ba.

Wannan ɓangaren shi ne anka fi rainawa a nan Sakkwato. Mace za ta wuni a madafa tana hura icce, idanu na hawaye, jariri goye a baya yana shaƙar abin da take shaƙa, a ce ai hayaƙi ne kawai. To cikin hayaƙin nan akwai ƴan burbushi ƙanana da ido bai gani, ana ce musu PM2.5, suna wuce hanci su kai can cikin huhu har su shiga jini, daga nan ne ake samun nimoniya ga yara, asma, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Haɗa da hayaƙin kabu-kabu da ƙona leda a bola da ƙurar hunturu. Janareta kuwa idan anka kunna shi a rufaffen ɗaki cikin hayaƙin da yake fitarwa akwai wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutanen gida suna barci.

Ruwa ma haka ne, da damina kwata na cika ta tafi da ƙazanta cikin rijiyoyi, sai kwalara da taifot.

Misali mafi muni kusa da mu shi ne gubar dalma ta Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane sunka riƙa kawo duwatsun zinare masu ɗauke da dalma cikin gida suna niƙawa, wani lokaci da injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara sama da 400 sunka rasu. Sai da anka kankare ƙasar gidajen anka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF na ba da maganin fitar da gubar daga jini, amma lahanin da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro bai gyaruwa ko da an sha magani.