Ƙari a saman ciki: tambayoyi kan hoton asibiti

Wani maƙocinmu a Ɗorayi wata shida yana shan maganin olsa, har ƙasan haƙarƙarinsa na dama ya taso, ka taɓa ka ji tauri kamar dutse. Abin ya tsaya min a rai wallahi, shi ya sa na haɗa tambayoyin nan.

Wane hoto ake fara yi?

Sikanin, wanda ake shafa maka wani ruwa mai yauƙi a ciki a goga na'ura. Ba zafi. Yawanci za a ce kar ka ci abinci na awa 6 zuwa 8 kafin ka je, don iskar hanji tana rufe hoton.

To in an yi sikanin, me ya sa likita zai ce a sake yin CT?

Nan ne mutane suke cewa ana cin kuɗinsu, kuma ba haka ba ne. Saman ciki a cunkushe yake, ga hanta ga saifa ga tumbi ga ƙoda duk a matse, in ƙari ya girma sai ya ture maƙotansa har a kasa gane daga ina ya tsiro. CT yana ɗaukar cikin yanka-yanka, ana sa wani ruwa ta jijiya, sai a ga tushen ƙarin, ko ya kama manyan jijiyoyin jini, ko ya bazu, kuma da wannan likitan tiyata zai san ko aiki zai yiwu. Kafin ruwan nan ana gwada ƙoda. Mace mai juna biyu kuma ta faɗa tun kafin a fara. Wani lokacin a ƙara da wani nau'in hoton da ake kira MRI, musamman in hanta ce.

Duk ƙari daji ne?

A'a. Akwai ƙurji mai mugunya a hanta, akwai kumburin saifa daga zazzaɓin cizon sauro ko tsargiya. Amma mai ciwon hanta nau'in B ya fi kusa da dajin hanta, dan Allah kar ya yi wasa.

Ance in allura ta taɓa daji sai ya yaɗu?

Tsoron nan ya kashe mutane da yawa. Ɗan tsokar da ake tsakura, ana kallon na'ura ana shigar da allurar, shi ke faɗar sunan ciwon. Jinkiri ya fi allurar haɗari nesa ba kusa ba.

Ina zan je?

Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, ka fara ganin likita, kuma ka tafi da duk tsofaffin takardun hotonka.