Ciwon damuwa, ko kuwa fassarar ce ta dame mu?

Kwanan nan duk inda ka juya a Gombe sai ka ji "difireshon". Data ta ƙare wa yaro, difireshon. Ɗan takara ya sha ƙasa a zaɓen fid da gwani, yaransa su ce mai gida ya shiga difireshon. Wannan yayi ne, zai wuce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da masu gabatar da shirye-shirye a rediyo suka riƙe: ciwon damuwa.

A kunnena damuwa 'yar gidan su damu ce, damun fura da kunu. Tsaya gaban mai fura a Tashar Dukku ka ga yadda take danna curi da ludayi cikin nono, tana murzawa tana juyawa, na ƙasa ya koma sama, har ta ce ta damu. Mutum ma haka yake. Bashi ya sa masa ludayi, ko kuɗin makaranta, ko kishiya, zuciya ta yi ta juyi. A zare ludayin, komai ya lafa. Shi ya sa da ka ce wa Bahaushe kana da ciwon damuwa, tambayarsa ɗaya ce: "To me ya dame ka?" Ka ce babu, ya ce rashin godiyar Allah.

Shi kuwa ciwon da likitoci ke nufi, sau da yawa ba a ganin ludayi. Ya fi kama da kunun da ya kwana ya sandare. Wata maƙwabciyarmu ta haihu lafiya, an yanka rago, miji bai rage ta da komai ba. Kafin arba'in sai ta zauna bakin gado tana kallon bango, jariri na tsala kuka a gefenta, tuwon dare na nan a rufe har wayewar gari. Surukarta ta ce, "Ke 'yar nan, me kika rasa a gidan nan?" Ba ta rasa komai ba. Da aka gaji da hayaƙi aka kai ta asibiti, likita bai nemi mai laifi ba, kwanaki ya ƙirga. Ma'auninsu shi ne aƙalla mako 2, kusan kullum, rai a jagule ko ɗanɗanon komai ya gushe, ga barci da cin abinci sun rikice, ga kasala, ga ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokacin har tunanin mutuwa. Ya kuma tambaya ko ta taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, ga surutu ga ɓarin kuɗi, domin wannan wani ciwo ne daban, maganinsa daban.

Magungunan difireshon irin su amitriptyline da fluoxetine ba fanadol ba ne, sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 ko fiye kafin a ji sauƙi. Wanda ya ɗauka damuwa ce kawai, kwana biyar zai ajiye su.

Tsohuwar dokar Najeriya ta 1958 mahaukata kawai ta sani, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Doka ta gyara bakinta, mu muna nan. Na gwada "ciwon baƙin ciki", sai ya fito kamar hassada. "Mutuwar zuciya" kuwa zagi ne, malalaci ake faɗa wa. Kafin a samo fassarar da ta zauna, gara mini difireshon ɗin da baƙuntarsa, ko ba komai surukai ba su san tambayar da za su bi shi da ita ba.