Mene ne tafkin gishiri mara mafita?

Duk ranar 2 ga Fabrairu, wato ranar dausayi ta duniya, za ka ji masana muhalli suna ambaton tafkunan gishiri marasa mafita. Ana nufin tafkin da ya zauna a kwarin wani fili mai ƙarancin ruwan sama, ruwa na gangarowa cikinsa daga tuddai da gonakin da ke kewaye, amma babu kogin da ke fitar da shi zuwa teku. Rana ce kaɗai ke tsotse ruwan. Gishirin da ya wanko daga ƙasa kuwa sai ya zauna, shekara da shekaru, har ruwan ya fi na teku zartsi idan zafi ya tsananta. Yawancinsu ba su da zurfi, kamar faffaɗan kasko suke. Wanda ya san tafkunan kanwa na ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A ɗauki Fuente de Piedra da ke lardin Malaga a kudancin Sifaniya. Tsawonsa ya kai kilomita shida da rabi, faɗinsa kamar biyu da rabi. Ruwan sanyi ne ke cika shi, domin a can lokacin sanyi ake ruwan sama, idan zafi ya zo sai ya koma farin fili fat. An daɗe ana haƙar gishiri a wurin, sai a 1951 aka daina, kuma ragowar shingayen ƙasar da masu gishirin suka bari su ne yau tsibiran da filamingo, wani tsuntsun ruwa mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, ke sheƙa a kai. Babu inda tsuntsun nan ke haihuwa da yawa a Sifaniya kamar nan.

Me ya kawo shi ruwan da ko akuya ba za ta sha ba? Abinci da tsaro. Kifi ba ya jure wannan zartsi, saboda haka wasu mitsi-mitsin halittu dangin jatan lande ke yaɗuwa ba mai cin su. Filamingo yana kifa kansa cikin ruwa, ya tace su da baki, kuma daga abincin nan ne gashinsa ke samun jan launi. Ana gina ɗan tudun laka, uwa ta saka ƙwai ɗaya tak a kai, ruwan da ya kewaye tsibirin kuma ya hana yanyawa isowa. Idan tafkin ya fara janyewa kafin 'ya'yan su yi fiffike, iyayen kan tashi da dare zuwa fadamun Doñana, tafiyar fiye da kilomita 100, su ci su dawo su ciyar da su. Tun 1986 ɗaruruwan 'yan sa kai ke taruwa da asuba su kora tsakin cikin wani shinge a saka musu zobe a ƙafa. Shekarar da ruwa bai samu ba kuwa, ko sheƙar ba a yi.

Can arewa, a yankin Aragon na Sifaniya, akwai tafkin Gallocanta, wanda dubun dubatan wasu 'yan uwan gauraka daga arewacin Turai ke yada zango a cikinsa, su kwana a ruwa, su wuni suna kala a gonakin hatsi. Manoma ba sa murna da hakan koyaushe.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga tafkin ya ƙafe a ɗauka ya mutu, a ce a cika shi da ruwan daɗi. A ganina wannan gyaran gangar auzinawa ne. Ƙwayayen halittun nan suna kwance cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo, tsirran bakin tafkin kuma da gishiri suka saba. Ruwan kwata daga gari yana rage zartsin, takin zamani yana haifar da gansakuka, sai wurin ya tashi daga yadda yake.

Babbar barazanar tana ƙarƙashin ƙasa. Tafkin da rijiyoyin burtsatse na manoman rani daga rumbu ɗaya suke sha, idan aka zuƙe shi, ko an yi ruwan sama ba ya daɗewa. Tafkin Urmiya na Iran ya rasa mafi yawan ruwansa tun daga ƙarshen shekarun 1990 saboda madatsun ruwa da dubban rijiyoyi da fari, alhali yana cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, wadda a Iran ɗin aka sa mata hannu a 1971. Fuente de Piedra ya shiga jerin a 1983, Gallocanta a 1994. Shiga jerin alƙawari ne kawai gwamnati ta ɗauka, iyakance yawan rijiyoyi da ruwan da kowace ke ja ya rage ga hukumomin ruwa na yankin da manoman da ke gefen tafkin.