Ba Yawan Mabiya YouTube Ke Biya Ba

Da an ga wani ya tara mabiya a YouTube, sai ka ji ana cewa ai ya rabu da talauci. Ina! YouTube ba ya biyan ko sisi saboda yawan mabiya. Hatta allon azurfar da ake aiko wa mai mabiya 100,000 ado ne kawai na bango.

Daga talla kuɗin ke fitowa. A dogayen bidiyo, sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin: kashi 55 nata, 45 na kamfanin. Kuma masu talla sun fi sakin kuɗi a kan mai kallo daga Amurka fiye da na Kano, ko da bidiyon ɗaya ne.