Sanya sunan abokin zama a asusun ajiya na intanet: tambayoyi da amsoshi

Mutum yana da asusun ajiya da ya buɗe ta waya, ya yi shekaru yana tara kuɗi a ciki kaɗan-kaɗan. Sai ya yi aure, ko kuma shi da matarsa suka fara tanadin sayen gida, sai tunani ya zo cewa ai gara a sa sunan su biyun a kan asusun. Tunani ne mai kyau, kuma gidaje da yawa sun ci moriyarsa. Amma abin da na lura da shi shi ne, mutane suna ɗaukar lamarin kamar ba wa wani makullin ɗaki ne, alhali a idon banki ɗakin ne gaba ɗaya aka mallaka masa. Ga tambayoyin da suka fi tasowa.

Mene ne ainihin ma'anar zama mai haɗin gwiwa a asusu?

Ma'anarsa asusun ya zama na mutum biyu, kowannensu da cikakken iko a kansa. Banki ba ya tambayar wa ya zuba nawa. Ko da kai ka zuba kashi 95 cikin 100 na kuɗin, matarka tana iya cire duka a rana ɗaya ba tare da ta nemi izininka ba, kuma banki bai yi laifi ba idan ya biya ta. Haka ma idan ke ce kika tara kuɗin kika sa sunan mijinki.

A bankunan da ake zuwa reshe, a da da yanzu, akan ba da zaɓi biyu: ko kowane ɗaya ya iya cire kuɗi shi kaɗai, ko kuma sai duk biyun sun sa hannu. Asusun da ake sarrafawa ta manhaja galibi na farkon kawai yake da shi, domin tsarin an gina shi ne a kan mutum ɗaya ya shiga da wayarsa ya tura kuɗi nan take. Wanda yake son sai an sa hannu biyu ya tambayi bankin tun kafin ya cika fom, kada ya ɗauka haka abin yake.

Zan iya ƙara sunanta a asusun da nake da shi, ko sai mun buɗe sabo?

Ya danganta da bankin. Wasu suna da wuri a cikin manhajar inda za ka aika wa mutum gayyata ta imel ko lambar waya, shi kuma ya karɓa ya cika nasa bayanan. Wasu sai an cika fom an sa hannu an tura musu. Wasu kuwa ba sa mayar da asusun mutum ɗaya na mutum biyu ko kaɗan, sai dai ku buɗe sabo tare, ka kwaso kuɗin daga tsohon.

Idan na ƙarshen ne ya same ka, duba abu biyu kafin ka kwashe kuɗin. Na farko, ribar da sabon asusun yake bayarwa tana iya bambanta da ta tsohon. Na biyu, idan ajiyar ta ƙayyadadden lokaci ce, wato wadda aka kulle na wata shida ko shekara, cire ta kafin wa'adi yakan jawo tara ko asarar ribar da ta taru. Sau da yawa jira wa'adin ya cika ya fi riba.

Akwai kuma asusun da doka ce da kanta ta hana a haɗa shi. A Birtaniya, asusun ISA, wato asusun ajiyar da ba a biyan haraji a kan ribarsa, wanda aka fara a 1999, na mutum ɗaya ne tak, haka asusun ritaya na IRA a Amurka. Miji da mata kowa sai ya buɗe nasa.

Me za a nema daga gare ta?

Duk abin da aka nema daga gare ka ranar da ka buɗe asusun: cikakken suna, ranar haihuwa, adireshi, katin shaida ko fasfo ko lasisin tuƙi, da lambar haraji ko lambar shaidar ɗan ƙasa a inda ake amfani da su. Yawancin bankunan intanet za su sa ta ɗauki hoton katin, sannan ta ɗauki hoton fuskarta ko ɗan gajeren bidiyo a gwada da katin. Dalilin wannan dokokin hana halasta kuɗin haram ne, waɗanda suka wajabta wa banki sanin kowane mutum da yake da iko da kuɗin da ke hannunsa. Ƙasashe da yawa suna bin ƙa'idojin FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da halasta kuɗin haram, da aka kafa a Faris a 1989.

Abin da ya fi kawo tsaiko shi ne saɓanin suna, musamman ga matar da ta canza suna bayan aure amma katinta yana ɗauke da tsohon. A daidaita wannan tukuna.

Me zai hana in ba ta kalmar sirrina kawai mu huta?

Wannan ita ce hanyar da mutane suka fi bi, kuma ita ce mafi muni. Kusan kowane banki ya rubuta a cikin sharuɗɗansa cewa kalmar sirri ta mai asusu ce shi kaɗai. Idan ɓarayin intanet suka kwashe kuɗin, bankin ya gano cewa ka ba wani hanyar shiga, zai iya kafa hujja da hakan ya ƙi mayar maka da komai.

Ita ma wadda aka ba kalmar ba ta tsira ba. Ba ta da wani haƙƙi a rubuce. Ranar da ka kwanta rashin lafiya ko ka rasu, idan ta shiga ta cire kuɗi da sunanka, ko da na magani ne ko na hidimar gida, ana iya ɗaukarsa a matsayin taɓa dukiyar da ba tata ba. Ni a ganina, wanda yake ƙaunar matarsa ba zai bar ta a wannan matsayi ba. A asusun haɗin gwiwa na gaskiya kowa yana da nasa sunan shiga, da tasa kalmar sirrin, da nasa saƙon da ke shigo masa duk lokacin da kuɗi suka motsa.

Idan banki ya durƙushe, haɗa asusu yana ƙara mana kariya?

A nan akwai amfani na zahiri. Inshorar ajiya a ƙasashe da yawa ana lissafa ta ne a kan kowane mai ajiya, ba a kan kowane asusu ba. A Amurka, hukumar inshorar ajiya ta FDIC da aka kafa a 1933 tana kare dala 250,000 ga kowane mai ajiya a kowane banki, a kowane rukunin mallaka, kamar asusun mutum ɗaya ko na haɗin gwiwa. Asusun haɗin gwiwa rukuni ne mai zaman kansa, don haka miji da mata suna da kariyar dala 500,000 a cikinsa. Misali, dala 400,000 a asusun mutum ɗaya, dala 150,000 daga ciki ba su da kariya. Kuɗin nan dai a asusun mutum biyu duk suna cikin inshora. A ƙasashen Tarayyar Turai iyakar ita ce yuro 100,000 ga kowane mai ajiya a kowane banki, kuma a asusun haɗin gwiwa kowannensu ana lissafa masa tasa.

Sai dai a tabbatar cewa manhajar da ake ajiya a cikinta banki ce mai lasisi, ko kuma tana ajiye kuɗin a wani banki mai lasisi da sunan masu su. Ba kowace manhaja mai kyan gani ba ce take ƙarƙashin inshora.

Idan yana da bashi a wani wuri, zai iya shafar kuɗina?

Zai iya, kuma wannan ce tambayar da na fi son ma'aurata su tsaya a kanta. Da zarar sunansa ya hau asusun, masu binsa bashi suna iya kallon kuɗin a matsayin dukiyarsa. Idan suka samu umarnin kotu, ana iya riƙe kuɗin ko a cire daga ciki. Dokokin wasu wurare suna ba ki damar nuna cewa wani kaso naki ne, amma nauyin kawo hujja yana kanki, kuma kafin a gama shari'a kuɗin suna kulle. Haka kuma idan bankin da kuke ajiya a cikinsa shi ne yake binsa, sharuɗɗan wasu bankuna sun ba su damar ɗaukar bashinsu daga ajiyar da ke wurinsu.

Saboda haka kafin a cika fom sai a zauna a buɗe wa juna ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nawa ake binka, wa yake binka, ka taɓa tsaya wa wani ya ci bashi, akwai ƙarar da ke kotu? Mutumin kirki ma yana iya faɗawa bashi, kasuwa ta karye masa ko wanda ya tsaya wa ya gudu. Tambayar ba zargi ba ce. Idan amsar ta nuna akwai bashi mai nauyi, mafi alheri ga gidan gaba ɗaya shi ne ajiyar ta zauna da sunan wanda ba a bi, har a biya.

Wa zai biya harajin ribar?

Kowace ƙasa da tsarinta. A Birtaniya, ma'auratan da suke zaune tare ana raba musu ribar rabi da rabi wajen lissafin haraji. A Amurka banki yakan aika takardar ribar da sunan wanda aka fara rubutawa a asusun. A duba dokar inda ake zaune.

Idan ɗayanmu ya rasu fa?

A Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe, abin da aka saba shi ne wanda ya rage a raye ya ci gaba da riƙe asusun, da zarar ya kai wa banki takardar shaidar rasuwa. Wannan babban sauƙi ne, domin asusun mutum ɗaya akan kulle shi har sai an kammala batun gado, abin da kan ɗauki watanni, iyali kuma ga kuɗin haya da na makaranta suna jira. A wasu ƙasashen kuwa bankin yana dakatar da asusun haɗin gwiwar ma, ko kason mamacin, har magada su kawo takardunsu.

Akwai wani abu da ya kamata a rarrabe. Wanda banki zai miƙa wa kuɗi daban, wanda kuɗin suke haƙƙinsa daban. Mutumin da yake da 'ya'ya daga wani auren, ko iyaye a raye, ko wanda yake son a raba dukiyarsa bisa ƙa'idar gadon addininsa, ya sani cewa sa suna a asusu yana iya karkatar da kuɗin gaba ɗaya zuwa hannun mutum ɗaya. Rigingimun gado da yawa daga nan suke tashi: wannan ta ce kyauta ya ba ni, waɗancan su ce a'a, don ki riƙa biyan kuɗin asibiti ne kawai ya sa sunanki. Mamaci kuwa ba ya nan balle ya faɗi niyyarsa. Maganin abin shi ne a rubuta niyyar tun ana raye, a takarda mai kwanan wata da shaidu, a fayyace kaso nawa ne na wa, kuma me ake so a yi da shi.

Idan zama ya ƙi daɗi, zan iya cire sunansa?

Da wuya ki iya ke kaɗai. Shigar da suna yana ɗaukar mintuna, fitar da shi kuwa yawancin bankuna sai da amincewar wanda za a cire, wasu ma sai dai a rufe asusun a raba kuɗin. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, don haka wannan ba fatan tsiya ba ne, sanin ƙa'ida ne.

Idan rikici ya ɓarke, abu na farko shi ne a sanar da banki cewa akwai saɓani tsakanin masu asusun. Bankuna da yawa za su dakatar da cire kuɗi har sai duk biyun sun amince ko kotu ta yi hukunci. Ki sani dakatarwar za ta shafe ki ke ma. Kwashe kuɗin gaba ɗaya cikin fushi kuwa, ko da banki ya bari, kotu tana iya tuhumar wanda ya yi hakan a lokacin rabon dukiya.

Kuma duk wanda ake matsa masa lamba ya sa sunan wani a ajiyarsa, ko da miji ne ko mata, ko masoyin da aka haɗu da shi a intanet ba a daɗe ba, ya dakata. Matsin lambar kansa alama ce.

Akwai wata hanya da ba ta kai wannan nauyi ba?

Akwai, kuma sau da yawa ita ce ta fi dacewa da abin da mutum yake nema. Idan burinka shi ne matarka ta iya biyan buƙatu lokacin da kake tafiya ko jinya, takardar wakilci ta isa: tana sarrafa asusun a madadinka, amma kuɗin naka ne, bashinta ba ya taɓa su, kuma kana iya janye wakilcin. Wakilci dai yana ƙarewa da rasuwar wanda ya bayar. Idan kuma damuwarka ita ce bayan ranka, wasu bankuna, musamman a Amurka, suna barin ka rubuta sunan wanda za a biya idan ka rasu, ba tare da yana da iko da ko kwabo ba muddin kana raye.

Tsarin da na fi ba ma'aurata shawara a kai shi ne asusu uku: kowa ya riƙe nasa, sannan a buɗe na uku na haɗin gwiwa don abin da aka sa a gaba tare, kamar gida ko karatun yara ko kuɗin ko-ta-kwana. A yanke nawa kowa zai riƙa zubawa a wata, a sa manhajar ta riƙa turawa da kanta, a kuma amince a kan adadin da idan cirewa za ta wuce shi sai an yi shawara. Bankin ba zai tilasta wannan yarjejeniya ba, tsakaninku ce, amma tunda saƙon kowace cirewa yana shiga wayoyi biyu, kowa yana ganin ko ana cika ta. In an shekara ana tafiya lafiya, ana iya ƙara abin da ake zubawa.