Sauya salansar mota mai gudu a Abuja da kuɗi kaɗan: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya sayi Mustang, Charger, BMW 335i ko Infiniti G37 a Abuja, abin da ya fara sosa masa rai shi ne salansa. Motar tana da ƙarfi amma ba ta faɗa da bakinta. Ga tambayoyin da aka fi yi wa masu walda a Apo.

Sabuwar salansa tana ƙara wa mota gudu?

Kaɗan ƙwarai. A injin da ba shi da turbo (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska), idan ka sauya bututu daga bayan indomi (tukunyar da ke tace gubar hayaƙi) zuwa wutsiya, abin da za ka samu ƙarfin doki ne 'yan kaɗan, da wuya ya wuce goma. Motar da ke da doki 300 ba za ta nuna maka wannan bambanci a titin filin jirgi ba. Kunne ne ke yaudarar ƙafa: ƙara ta ƙaru, sai mutum ya rantse motar ta fi tashi. Injin mai turbo, irin na 335i ko Golf GTI, ya fi amfana da buɗe hanyar hayaƙi, amma ribar tana can gaba kusa da turbon, kuma sai an sake saita kwamfutar motar. Wannan wani aiki ne daban mai tsadarsa. Saboda haka ka shiga kasuwa da sanin cewa murya kake saya.

Wane ɓangare ya kamata in sauya?

Hayaƙi yana fita daga injin, ya bi ta indomi, wato tukunyar nan mai saƙar zuma a ciki da ke tace guba, ya wuce ƙaramar tukunyar tsakiya mai lallashin ƙara, sannan ya isa babbar tukunyar baya. Mafi araha shi ne a sauya tukunyar baya da bakinta kawai, abin da 'yan kasuwa ke kira aksilbak. Na biye shi ne katbak, daga bayan indomi har wutsiya. Ga mai ƙaramin aljihu, shawarata ita ce ya fara da na baya. In muryar ta yi masa, shi ke nan. In ba ta yi ba, ya ƙara gaba, bai yi asarar komai ba.

Maigida a gareji ya ce in cire indomi, wai motar za ta sha iska. In yarda?

A'a. Kuma ka lura da wanda ya fi ɗokin a cire. Cikin indomi akwai ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake sayensa da tsada ko da ya tsufa. Sau da yawa "Oga, ai ya toshe" ba batun lafiyar motarka ba ne.

Idan aka cire, sensar iskar da ke bayansa za ta gane, fitilar injin ta kama a dashbod, in an sa kwamfuta a ga lambar P0420. Daga nan sai a fara dabarun rufe fitilar, ranar da wata matsala ta gaske ta zo kuma ba ka da mai faɗa maka. Ga warin hayaƙi mai yaji da zai riƙa shigowa duk lokacin da ka tsaya a cunkoson Nyanya ko Mararaba. Ga kuma faɗuwar daraja, domin mai saye da ya san mota sai ya leƙa ƙasa kafin ya yi tayi.

Indomi yana toshewa da gaske, musamman a injin da ke shan baƙin mai ko mai fulogi marasa kyau. Amma ana gwadawa ne, ba a yanke hukunci da ido. In ya mutu, a sa wani, a kuma gyara abin da ya kashe shi. Duk ranar da za a taɓa salansarka, ka tsaya a wurin. Akan buɗe tukunya a kwashe cikinta a mayar da walda, daga waje ba ka ganin komai sai sabon ɗinki.

Borla, MagnaFlow, Akrapovič: dole sai mai suna?

Ba dole ba. Cikakken katbak na Borla ko MagnaFlow, dukansu na Amurka, yakan kai dala 1,000 ko ya haura, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Akrapovič na ƙasar Sulobeniya, wanda ya yi suna da ƙarfen taitaniyam, dubban daloli ne. Don haka idan wani ya miƙo maka baƙin baki mai tambarin Akrapovič a kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba, tambarin kawai ka saya. Baki ado ne, ba ya sauya murya.

Hanyar tsakiya ita ce ka sayi tukunya ɗaya ta gaske, irin wadda ake yi don ta shiga kowace mota. Ta MagnaFlow ko Flowmaster tana tsakanin dala 100 zuwa 200 a Amurka. Sai ƙwararren mai walda ya haɗa maka bututun a nan. Akwai kuma na hannu da ake cirowa daga motocin haɗari, a Apo ko Gudu, ko a aiko daga Ladipo a Legas. Nan ana dacewa, amma ka haska tocila ciki, ka girgiza ka ji ko wani abu na kaɗawa, ka duba ɗinkin walda. Wanda ya fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, sau da yawa tsatsa ta riga ta ci shi.

Ta yaya zan gane ƙarfe mai kyau?

Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. Ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304, wanda ya fi inganci, maganaɗisu ba ya kama shi sosai. Mai lamba 409 yana kamawa, fuskarsa takan yi ja-ja da daɗewa amma ba ya ɓulewa da wuri, kuma da shi kamfanonin mota da yawa ke yin salansarsu ta asali. Tunda ba ma zuba gishiri a titi kuma Abuja ba bakin teku ba ce, 409 ya wadatar. Abin gudu shi ne baƙin ƙarfe da aka fesa wa fenti mai ƙyalli. Damina biyu ta ishe shi.

Sannan ka dubi lanƙwasa. Bututun da aka lanƙwasa da injin kirki faɗinsa ɗaya ne har cikin kwana. Wanda aka murɗe da ƙarfi yakan tsuke ya yi tamoji a gwiwa, ya shaƙe hayaƙin da ka biya kuɗi don ka sake.

Bututu mai faɗi ya fi?

Ba kullum ba. Idan faɗin ya wuce buƙatar injin, hayaƙi yana rage sauri, motar ta yi nauyin tashi daga tsaye. Inci 2.25 zuwa 2.5 ya ishi yawancin injin silinda huɗu da shida. Inci 3 na manyan V8 ne, wato masu silinda takwas, da masu turbo da aka ƙara wa ƙarfi.

Mene ne wannan gunjin da ke cika cikin mota a doguwar tafiya?

Wannan shi ne abin da ke sa mutane nadama, kuma ba a jin sa a gareji. A gareji ana taka totur, kowa ya yi tafi. Sai ka hau hanyar Kaduna ko ta Keffi zuwa Jos, ka daidaita a kilomita 110, injin yana juyi wajen 2,000 a minti, sai wani gunji mai kauri ya cika motar, madubi na rawa, hira ta gagara, kafin Akwanga kai ya fara sarawa. Yawanci cire tukunyar tsakiya ne ke jawo shi. Ka bar ta. Injin V6 na G37 ma in aka cire ta sai muryarsa ta koma tsatstsage kamar ana yaga kwano.

Kafin ka biya, nemi mai irin motarka da ya sa irin salansar, ka roƙe shi ya ɗauke ka a titin Kubwa, gilashi a rufe, rediyo a kashe. Bidiyon intanet ba ya nuna wannan. Akwai kuma salansa mai bawul da rimot, ka buɗe in kana so ta yi ruri, ka rufe in za ka shiga unguwa. Dabara ce mai kyau, sai dai masu arahar bawul ɗinsu kan maƙale ko ya riƙa ƙaras-ƙaras.

Hukuma fa?

Dokar hanya ta buƙaci mota ta kasance da salansa mai rage ƙara, kuma hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli tana da ƙa'idojin hayaniya tun 2009. Motar da ake jin ta tun daga nesa tana gayyato jami'an VIO da na kiyaye haɗurra. Maƙwabta ma hukuma ce: injin sanyi ya fi ƙara, kuma wanda ke tada V8 bayan sallar asuba a Gwarinpa zai ji daga shugaban unguwa.

Me zan duba ranar ɗaurawa?

Ka nemi mai waldar argon, domin ita ce ta dace da ƙarfe mara tsatsa. Waldar kabaid tana barin ɗinkin da ke tsagewa. A cire kan batir kafin a fara, saboda kwamfutar mota. A rataye salansar da robobinta, kada a like ta da jikin mota, in ba haka ba girgiza za ta shigo har kujera. Kada ta sauko ƙasa da ta asali, tudun rage gudu na cikin unguwanni ba ya tausayi. Kada ta matsi tankin mai, bututun birki ko robar bamba. Bayan an gama, a tada injin, a toshe bakin da tsumma na ɗan lokaci, a saurari inda ke huci. Yoyon hayaƙi a ƙarƙashin kujera ba wasa ba ne, iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari.

Tsohuwar salansarka kuma ka sa a ɗaure maka ita a but ka kai gida. Yaran gareji za su ce "Oga, ka bar mana mana", amma ranar sayar da motar ko ranar da gunji ya ishe ka, ita za ka nema, kuma ta asali ta BMW ko Mercedes ba ta da araha.